Gida Arba'in da Ɗaya

Talata, 19 ga Maris 2013, bayan azahar. Longsight, Manchester.

Likita ne ya kawo mini wannan littafi, wai GP, matar da ke duba ni a asibitin unguwa, ta ce in riƙa rubuta abin da na yi a wuni. Likita ɗan farina ne, ba na kama sunansa ko a takarda. Na ce masa shekara saba'in da ɗoriya ban taɓa ajiye magana a takarda ba, a kai nake ajiyewa, kuma ba ta taɓa jiƙewa ba. Ya ce, "Baba, ka dai rubuta." To ga shi ina yi, da hannun yaƙi da jahilci. Wanda ya ga rubutun a karkace ya gyara zamansa.

Abin da na yi yau: na yi asuba, na zaga gari, na sha shayi.

Garinmu Tsamiyar Sanda yana ƙarƙashin ruwa shekara arba'in ke nan, tun da aka yi dam. Gida arba'in da ɗaya ne. Kullum bayan asuba nakan rufe ido in fito daga ƙofar masallaci, in bi hannun dama, in yi sallama a kowace ƙofa, in kira mai gida da matansa da 'ya'yansa, har in dawo masallaci ta hagu. Ko kango ba na tsallakewa. Waɗanda suka san garin duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Akwai wani a Birmingham da ke cewa shi ma ɗan garin ne. Allah ya kyauta.

Juma'a, 22 ga Maris, bayan la'asar.

Na je zauren tsofaffi na bayan kasuwa, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wani ɗan Pakistan da muke zama tare ya ce council, hukumar gari, ce ta rufe, an daina. Ƙasar da ta mulki duniya ta kasa dafa wa tsofaffi goma sha biyu shayi.

A dawowa bas ya kai ni Levenshulme, wata unguwa daban. Turai, matar Likita, ita ta zo ta ɗauke ni a gaban wani shagon kayan miya. Sun canja wa titin kama ne, ba su gaya wa kowa ba.

Laraba, 27 ga Maris, hantsi.

Turai ta daɗe a waya da ubanta, ta rufe ƙofar kicin. Da ta fito ta durƙusa ta ce, "Baba, Daddy ya kama mana gida a bakin wani tafki can arewa, mako guda, mu je mu huta gaba ɗaya." Na ce wa ya gaji?

Daddy shi ne Halliru. Injiniya Halliru, in ji masu faɗa. Tare muka yi kiwon awaki. Shekarar da dogarai suka zo ɗibar yara zuwa makarantar boko, kowane gari yaro ɗaya, babana ya jefa ni cikin rumbu ya rufe. Aka miƙa Halliru ɗan Raki, maraya ne, ba shi da mai tsaya masa. Mata suka yi ta salati kamar an yi mutuwa. Yau ga shi da gida a Birmingham, Turanci a bakinsa kamar a nono ya sha, ni kuwa da aka ceta sai an karanta mini takardar magani. Ceto ke nan.

Allah kuma ya haɗa 'ya'yanmu aure, don in riƙa ganinsa.

Jikarmu Asama'u tana uni, wato jami'a, a Birmingham, a gidansa take zaune. Da can in ta zo hutu a gabana take wuni, tana cewa, "Angona, ba ni labarin garin ruwa." Yanzu ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai ta ce Grandad ya ce.

Talata, 2 ga Afrilu, bayan azahar.

Sun kai ni wajen wata mata a asibiti, ta ce in zana agogo, in kuma riƙe mata kalmomi uku. Ban ga dalilin riƙe kalmomin da ba na kowa ba. Likita ya mayar da ni gida a mota.

Alhamis, 4 ga Afrilu.

Ba abin rubutawa.

Asabar, 6 ga Afrilu, bayan la'asar. Gidan bakin tafki.

Mun iso. Ba zan yi ƙarya ba tunda littafina ne: ban taɓa ganin gida irin wannan ba. Matattakalarsa mutum huɗu sa hau a jere. Kowane ɗaki da murhunsa na dutse. Fitilun ƙarau na lilo a sama kamar an rataye ruwan sama. Darduma kuwa ƙafa nutsewa take. Gadona mai rumfa ne, da ginshiƙai huɗu, na tsaya ina tunanin ko a kai ake kwana ko a ƙarƙashi. Clara, matar da ke kula da gidan, ta ce wani attajirin auduga na Manchester ne ya gina shi shekara ɗari biyu da suka wuce. Likita ya fassara mini. Halliru bai buƙaci a fassara masa ba, har wata magana ya ƙara, matar ta yi dariya.

Ya riga mu zuwa, a bakin ƙofa ya tarbe mu kamar gidan ubansa.

Ya ce, "Falalu, ka rame."

Na ce, "Kai kuma ka yi tumbi, Injiniya. Kowa da abin da Ingila ta ba shi."

Shi aka ba ɗakin sama mai kallon tafki. Ni a ƙasa, jikin ɗakin Likita, wai saboda gwiwata. Gwiwata lafiyarta ƙalau. Akwai ƙofar gilashi da ke fita bakin ruwa, a kulle take, makullin yana jakar Turai. Wai saboda sanyi.

Shekara ɗari biyu gidan nan yana tsaye, ruwa na lasar ƙafarsa, bai ci shi ba. Namu ruwan daga nesa aka kawo mana shi.

Lahadi, 7 ga Afrilu, bayan azahar.

Likita ya ce Halliru ya ja mu salla, wai muryata ta dishe. Na bi shi. Karatunsa babu laifi, sai dai yana ja kamar mai karanta labarai a rediyo.

Turawa a bango suke rataye matattunsu. Goma sha ɗaya na ƙirga a falo, kowa da ƙeya a miƙe. Clara sai da ta duba kati kafin ta faɗi sunayensu. Mutum goma sha ɗaya. Ni ina da sama da ɗari uku, ba kati.

Asama'u ta riƙe hannun Halliru suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana yi mata bayani. Na ce, "Amarya, kin yi sabon miji ke nan?"

Ta ce, "Angona, kishi kake? Shi fa mota gare shi, kai kuwa sai bus pass."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Litinin, 8 ga Afrilu, bayan la'asar.

Yau na ga kan hutun.

Bayan karin safe Halliru ya shimfiɗa wata babbar takarda a teburin cin abinci, ya danne kusurwoyinta da kofunan masu gida. Taswirar garinmu ce, wadda masu awon ƙasa suka zana kafin a sako ruwa, ya samo ta a wani ofishi. 'Yan akwatuna ne kawai a jere, ba suna ko ɗaya. Asama'u ta ajiye wayarta a gabana ta ce, "Za mu yi recording. Ka faɗa mana gida-gida, Grandad ya rubuta a kan map, kafin…" Sai ta dubi ubanta.

Na ce kafin me?

Ta ce, "Kafin mu koma."

Ashe an kawo ni gidan alfarma ne a tatse ni kamar saniya, gobe a buga littafi da sunan Injiniya a goshi. Na ce gari ba a tebur ake koyonsa ba. Na tashi.

Halliru ya same ni a ɗakin gilashi inda suke ajiye itatuwan lemo a cikin tukwane. Ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya ce, "Falalu, ba littafi nake so ba. Ɗakin uwata kawai. Ka san ta rasu ina aji biyu, ba a ma gaya mini ba sai hutu, aka bar ni gidan hedimasta. Da na girma na zo sau ɗaya, ɗakin ya rushe, na ji kunyar a ce ɗa yana tambayar ƙofar uwarsa. An ce a bayan ɗakin aka binne ta. Nuna mini akwati ɗaya a takardar nan, shi ke nan."

Na ce, "Shekara ashirin da biyar muna surukai ba ka tambaya ba. Me ya sa yanzu?"

Ya juya yana kallon ruwa.

Na ce masa gobe.

Na sani sarai. Kullum ina yi mata sallama. Ba zan faɗa ba. Shi ne abu ɗaya da nake da shi wanda ba shi da shi.

Talata, 9 ga Afrilu, hantsi.

Sun shiga kwalekwale. Ni ba na hawa ruwa, wa ya san kan gidan wa za a bi. Daga taga ina hango su, Halliru ya sa hular Turawa, Asama'u na tuƙi tana dariya har tana sunkuyawa. Ban san yana da ban dariya ba. Da muna yara ko jaki bai iya kora ba.

Shekara ɗari biyu gidan nan yana tsaye a bakin ruwa, bai ci shi ba.

Talata, bayan la'asar.

Ya tambaya. Na ce gobe.

Laraba, 10 ga Afrilu, bayan asuba.

Arba'in.

Laraba, hantsi.

Na sake zagawa sau uku. Masallaci, gidan liman, gidan Uba maƙeri, gidan Habu mai rini, rijiya, gidan su Kulu inda na yi zarya shekara biyu kafin a ba ni ita, Allah ya jiƙanta. Kowa ya amsa. Na dawo masallaci ta hagu. Arba'in.

Ina ganin fuskar Raki. Ina ganin saƙin da take ɗaurawa, baƙi mai ratsin fari, da tabon ƙuna a hannunta na dama. Amma na rasa inda zan ajiye ta. Na kai ta kusa da rijiya, ba ta zauna ba. Na kai ta bayan maƙera, ba nan ba ne. Tana tsaye a tsakiyar gari ba ƙofa.

Shekaranjiya tana nan. Wallahi shekaranjiya tana nan.

Laraba, bayan la'asar.

Turai ta yi tuwon shinkafa a kicin ɗin attajirin auduga. Na ce cikina ne.

Alhamis, 11 ga Afrilu, bayan azahar.

Halliru ya tare ni a gindin matattakala. Ya ce, "Falalu, jibi za mu tafi."

Na ce, "Ka tambayi takardarka. Ai ku ne masu ilimi, ku kuka kawo mana ruwan."

Ya ce, "Ni hanya nake ginawa, ka sani. Ban taɓa ɗora dutse a dam ba."

Na ce duk kanwar ja ce. Daga nan bakina ya kuɓuce mini. Na ce an ɗauke shi an kai shi inda ake zama mutum, ni aka jefa rumbu kamar dawa. Na ce ya samu karatu, ya samu gida, ya samu ɗakin sama, ya ɗauke mini jika, ya ɗauke mini limanci, yanzu garin ma yana so in juye masa a aljihu. Matattun bango suna ta kallonmu.

Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Kai aka ɓoye, Falalu. Ni babu wanda ya ɓoye ni. Shekara sittin da biyar ina tunanin rumbun nan. Na kwana a otal-otal na ƙasa goma sha, ban taɓa shiga ɗakin da ya kai shi ba."

Ya hau sama a hankali, yana dafa bango. Ashe shi ne mai ciwon gwiwar.

Alhamis, bayan la'asar.

Da ma na faɗa masa ran Litinin.

Juma'a, 12 ga Afrilu, bayan la'asar.

Zan rubuta wannan duka, hannu ya yi haƙuri.

Yau bayan asuba ban fara daga masallaci ba. Maganarsa ce ta hana ni sakat, sai na ce bari in ga rumbun nan da yake yi wa kishi. Na rufe ido na shiga. Duhu, da warin dawa, da ƙaiƙayi a wuya. Na ji ƙarar kofato. Na ji babana yana rantsuwa cewa ɗansa yana wajen kakarsa. Sai na yi abin da na yi a ranar, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba: na miƙe, na ɗaga murfin kaɗan, na leƙa.

Rumbunmu ya fi danga tsawo. Ga dangarmu ta baya, ga ɗan lungu, ga kuka. Tsakanin dangar da kukar ga ɗaki ɗaya da tsohon asabari a ƙofa. Ga Raki a durƙushe tana ɗaura wa yaro wani abu a bakin riga.

Bayan gidanmu ne. Ba ya kan hanya, sai an ratsa lungu. Shekara takwas katangar kara ɗaya ce tsakanin shimfiɗata da tasa.

Na fito falo na ce wa Turai ta ba ni makullin. Ta dubi mijinta. Na ce, "Ki ba ni, ki biyo ni in kina tsoro." Ta ba ni.

Bakin tafkin duwatsu ne ƙanana, masu sulɓi. Na ce wa Asama'u ta mayar da wayar aljihu, ta tara mini dutse arba'in da ɗaya. Ta ce, "Angona, it's freezing." Na ce a garinmu amarya ba ta musu. Na ajiye wani babba daban a gabas, masallaci ke nan. Na bi dama ina ajiyewa, taku biyar, taku uku, yadda suke. Na ce ta biyo ni da ƙafa, kowane dutse ta tsaya ta yi sallama, ta kira mai gida. Hausarta na tuntuɓe, Habu mai rini ya koma mai rina, na sa ta maimaita har ya zauna. Sau uku muka zaga. A na uku ita ce a gaba. Clara ta fito da shayi a faranti, ta tsaya daga nesa. Likita yana tsaye a dutsen gidanmu, inda aka yanke masa cibi, ya juya mana baya yana ta gyaran hula.

Halliru yana gefe da babbar kwat ɗinsa, takardar a naɗe a hammata. Bai buɗe ta ba.

Dutse ɗaya ya rage, fari. Na kira shi. Na ce, "Injiniya, zo ka yi aikin gini."

Na kama hannunsa na ratsa da shi lungu. Na ce, "Nan dangarmu. Nan kuka. Ajiye a tsakani. Ƙofa na kallon kudu. Ita kuma tana baya, taku uku."

Ya ajiye. Ya cire takalmi a cikin sanyin nan, ya taka uku, ya zauna a kan duwatsu masu jiƙa da wandonsa mai tsada. Ya yi sallama. Ba irin ta rediyo ba. Ya daɗe yana addu'a, muka shafa tare da shi.

Can ya ce, bai ɗago ba, "Ta yi kuka?"

Na ce, "Sai da kuka wuce rijiya. Ba ta so ka gani."

Ya ce, "Ƙuliƙuli ta ɗaura mini. Na ƙi ci har ya yi fumfuna."

Ban gaya masa kwana biyu ta ɓace mini ba. Ba kuma zan gaya masa ba. Wanda ya karanta wannan ya kama bakinsa.

Asabar, 13 ga Afrilu, hantsi.

Muna ɗaura kaya. Na ga aljihun kwat ɗin Halliru ya yi nauyi gefe ɗaya. Ɓarawon dutse. Clara ta ce sauran za ta bar su yadda suke har ruwa ya taso. Na ce a gaya mata mun saba.

Asama'u motarsa ta shiga.

Laraba, 17 ga Afrilu. Longsight.

Zauren tsofaffi a kulle na same shi. Ba su gaya wa kowa ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, hantsi.

Yau talatin da takwas. Ban san su wa suka fita ba, shi ne abin.

Ina zaune sai Turai ta kawo mini waya, Asama'u ce daga Birmingham. Ta ce, "Angona, rufe ido, zan zaga da kai." Ta kawo su duka, ƙofa ƙofa, har da matan liman uku da sunan jakin Uba. Uku na tsinta a hanya, na yi shiru kamar da ma ina da su. Arba'in da ɗaya cif.

Amma daga ɗakin Raki ta fara. Ba daga nan ake farawa ba, daga masallaci ake farawa, kowa ya sani. Na buɗe baki zan gyara, sai na ji muryarsa a bayanta yana amsa sallamar. Na ƙyale su.

A lissafinta gidanmu ne na biyu. Na biyu.

To, yana ciki dai.